Kada Tayarka Ta Riga Ka Isa Kawo

Wani ado ya shigo wa motocin Kaduna, kuma gara a yi maganarsa da babbar murya yanzu, tun ba a fara zaman makoki a kansa ba. Duk mai bin Titin Sultan ko Isa Kaita da yamma, ko mai tsayuwa a bakin Ali Akilu yana jiran Keke, ya ga irin motocin da nake nufi. Camry ce, ko Accord, ko Marsandi, wani lokaci Hilux, tayoyinta sun leƙo sun wuce jikinta, ta buɗe ƙafafu tana tafe tana taƙama. Masu ita cewa suke yi motar ta zauna. Abin da ya zaunar da ita kuwa sifesa ce, wani faifai na alminiyam da ake cusawa tsakanin wili da hob, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kanta, don ya turo tayar waje. Da can sai a motocin tsere ake ganinta, a hannun mutanen da ke kwance taya su duba bayan kowace fita. Yau a waya ake odarta, a Instagram ko Jiji ko AliExpress, kuma yaron gareji zai ɗaura maka guda huɗu tsakanin azahar da la'asar.

Ba kowa ne ke sa ta don gayu ba, kuma nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Magidanci ne mai hankalinsa, rami ya lanƙwasa masa wili a hanyar Zariya, ya shiga kasuwar kayan mota ya tarar da saitin wili na Beljiyam mai sheƙi, ga araha. An kai gareji an gwada, sai bayan wilin ya riƙa gugar kan birki, ko tayar ta riƙa taɓa shakazoba. Maimakon a ce masa, "Alhaji, wannan ba na motarka ba ne, a mayar musu," sai a ce, "Ai ba komai, Alhaji, sifesa za a sa mata, ƙaramin aiki ne." In ba a samu sifesar a kusa ba, akwai inda za a jera washa uku-uku a kan kowace ƙusa a ɗaure, a karɓi kuɗin aiki, a yi masa Allah ya kiyaye hanya. Akwai kuma mai son wilin Marsandi a kan Toyota. Ramuka biyar-biyar ne duka, amma na Camry a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3 suke, na Marsandi a kan 112, na yawancin Corolla da ke hannun mutanenmu a kan 100. Tunda ba za su haɗu ba, sai a nemo sifesa mai fuska biyu ta yi musu dillanci. Duk hanyoyin nan uku wuri guda suke kaiwa.

Mutane da yawa, har da wasu kanikawa, sun ɗauka ƙusoshin nan biyar ne ke ɗauke da nauyin mota. Ba su ba ne. Aikinsu matsewa. Noti yana jan wili ya manne shi da fuskar hob da ƙarfin da ya kai tan da dama, mannewar nan ita ce ke ɗaukar kaya, ita ke hana motsi. Ranar da ta yi sako-sako, wili ya fara motsi ko da kaurin gashi ne, nauyin sai ya koma kan ƙusoshin, ya riƙa lanƙwasa su gaba da baya a kowane juyin taya. Tayar ƙaramar mota tana juyawa wajen sau 500 a kilomita guda. Daga Kaduna zuwa Zariya ta yi juyi kusan 40,000 ke nan. Ƙarfe ma gajiya yake yi. Ƙusa ɗaya ta karye, huɗu su ɗauki kayanta. Ta biyu ta bi. Ragowar ukun ba sa jira a gama salati.

To ga lissafin da ya kamata duk mai son sifesa ya yi da yatsunsa. Ƙusar tayar Toyota da ta Honda kaurinta milimita 12 ne, kuma kowane juyin noti yana shigar da shi milimita ɗaya da rabi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi a ko'ina ita ce noti ya ci tiredi aƙalla daidai da kaurin ƙusar, wato juyi 8 cikakku. Kamfani yakan bar ɗan rara a kan haka, amma ba rarar da za a yi facaka da ita ba ce. Sifesa 'yar siririya mai milimita 5 ta cinye juyi uku da ɗoriya. Mai milimita 10 ta cinye kusan bakwai. Abin da ya rage wa notin ya kama bai taka kara ya karya ba, amma a ido ba ka ganin bambanci, domin notin wilin ado rufaffen kai gare shi, yana nan yana ƙyalli kamar kullum. A Marsandi da Fijo 406 da Golf kuwa babu ƙusa a jikin hob, doguwar ƙusa mai kai ce ke ratsa wili ta shiga ciki. In aka sa sifesa aka bar tsofaffin, sun gajarta. In aka sayo dogaye ba a auna ba, suna iya zarcewa su taɓa kayan birkin hannu a tayar baya.

Sai kuma leɓen nan da ke tsakiyar hob, wanda wili ke hawa ya zauna a kai. Shi ke tsayar da taya a tsakiya cif. Tsawonsa bai wuce milimita 10 ko kusa da haka ba, faɗinsa kuma kowane kamfani da nasa: 60.1 a Camry, 64.1 a Accord, 66.6 a Marsandi. Sifesar nan mai ramuka barkatai da ake tallatawa wai tana shiga kowace mota, shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da leɓe. Tana haɗiye na motar ta bar wili yana reto a kan ƙusoshi. Daga nan sitiyari ya fara karkarwa in an kai gudun 80 ko 100, mai mota ya yi ta zarya wurin masu balansin ana manna masa dalma, karkarwa ba ta daina ba, domin tayar ce gaba ɗaya ba ta kan tsakiya.

Wani zai ce shi ba irin wannan ya sa ba, tasa mai kauri ce, milimita 25 ko 30, da ƙusoshinta a jiki. Gaskiya ne wannan ta fi waccan, in ta kirki ce. Amma a duba yadda ake ɗaura ta. Da farko ana ɗaure ta a kan ƙusoshin motar da notuna biyar, sannan a kawo wili a rufe su ruf, a ɗaure shi a kan ƙusoshin sifesar da waɗansu biyar. Notuna goma a taya ɗaya, biyar a waje, biyar a ɓoye. Mai facin da ya duba maka taya kafin tafiya na wajen kaɗai ya taɓa. Na cikin ba mai ganinsu sai an sa jak an cire wili, kuma ƙa'idar masu ƙera ta ita ce a sake duba su bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko, sannan a riƙa dubawa lokaci-lokaci. A gaya mini tsakani da Allah, cikin samarin da ke yawo da ita a Unguwar Sarki da Malali da Unguwar Rimi, nawa ne suka taɓa komawa gareji don wannan? Ƙari a kan haka, in ƙusoshin motar sun fi sifesar tsawo sukan leƙo su tokare bayan wili, ya ƙi kwanciya daidai. Maganin da ake yi a nan shi ne a ɗauko giranda a datse su. An datse abin da ba ya tsirowa, kuma ranar da aka yi faci a hanya aka so sa safaya kai tsaye, za a tarar ba abin da noti zai kama.

Ɗaurin kansa ma abin magana ne. Littafin Camry da Corolla ya ce a ɗaure notin taya a kan 103 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, na Accord 108. Akwai sufana ta musamman mai awo da ke yin ƙas in an kai. Mu kuwa sai a zura fayif a wil-sufana, ƙato ya hau da ƙafa biyu ya yi tsalle, sai ƙarfe ya yi kuka a ce ya ɗauru. Wannan kukan ƙusa ce ke miƙewa. A kan hob na ƙarfe motar takan jure wannan cin zali shekara da shekaru. A kan alminiyam mai laushi, notin nutsewa yake yi ya murƙushe mazauninsa, ga zafin birki yana bi ta cikinsa, alminiyam kuma ya ninka ƙarfe kumbura in ya ji zafi, ya kumbura da rana ya saki da dare, har matsewar ta tafi ba wanda ya taɓa notin.

A nan dole in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar hannu. Kaduna tana alfahari da Panteka, kuma ta cancanta. Mutanen da ke fitar da injin niƙa da injin casa da tukunyar da za ta dafa buhun shinkafa, in ka kai musu samfurin sifesa za su fitar maka da irinta, ido ba zai raba ba. Amma ido ba shi ne alƙali ba a nan. Sifesa ta ƙwarai daga curin alminiyam na musamman ake yanko ta, irin wanda ake kira 6061-T6, wanda aka gasa aka daidaita ƙarfinsa, ƙusoshinta kuma masu lamba 10.9 ne. Narkakken tarkacen gwangwani da tsohon fistin yana da 'yan ramukan iska a cikinsa da ba a gani. A tukunya ba su da illa. A ƙarƙashin mota mai nauyin tan ɗaya da rabi da ta faɗa rami da gudu, daga nan tsagewa ke farawa. Haka nan ta cikin kwali mai rubutun Turanci da ake aikowa daga waje, in ba sunan maƙeri, ba lambar ƙarfe, ba takardar gwaji, matsayinsu ɗaya. Duk wanda aka kawo wa wannan aiki, ina roƙonsa ya ce ba ya yi.

Yanzu mu ɗauka komai ya yi daidai. Sifesar ta asali ce, mai leɓe, an goge tsatsa, an ɗaure da awo, ana dubawa. Tayar ba za ta fita ba. Shin motar ta fi kama hanya, kamar yadda masu ita ke rantsuwa?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ƙamshi ne kawai. Tsakanin tayar hagu da ta dama a Camry akwai wajen milimita 1,570. An sa sifesa mai 25 kowane gefe, an ƙara 50, wato kashi 3 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Gwargwadon haka ne nauyin da ke rinjaya gefe guda a kwana zai ragu. Direban tsere mai agogo a hannu zai iya lura da shi. Mai zagaya shataletalen Lugard Hall ba zai ji komai ba sai abin da ransa ya raya masa bayan ya biya kuɗi. Iskar taya da ta yi daidai, ko shakazoba mai rai, ko taya sabuwa a madadin wadda ta gama aurenta a Turai, kowannensu ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba. Abin da aka bayar aka karɓo kashi ukun nan shi ne ba a gaya wa mai mota.

In ka murɗa sitiyari, tayar gaba tana juyawa ne a kan wani layi da ido ba ya gani. A yawancin motocinmu ya taso daga kan shakazoba a sama, ya ratsa ta boljoyin na ƙasa, ya dire a kan kwalta. Inda ya dire ɗin, da milimita injiniyoyi ke auna shi. A mafi yawan motoci masu jan gaba ana sa shi ya sauka kusa da tsakiyar inda taya ke taka ƙasa, ko ya ɗan gota ta waje. Audi 80 ta 1972 tana cikin motocin da suka fara yaɗa wannan dabara, daga baya kusan kowa ya bi. Hikimarta ita ce, in aka taka birki alhali taya ɗaya ta fi ɗaya kama ƙasa, motar takan so karkata wajen wadda ta fi kamawa, sai ita tayar da kanta ta ɗan murɗa ɗaya gefen ta gyara tafiyar, tun direba bai ankara ba. Haka in layin man birki ɗaya ya fashe, aka bar tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suna aiki, wannan tsari ne ke taimaka wa motar ta tsaya a miƙe.

Sifesa mai milimita 25 tana ɗauke tayar ta kai ta bayan wancan layi. Gyaran da motar ke yi wa kanta sai ya juye ya zama ƙari a kan ɓarna. A ɗauki Ali Akilu bayan ruwan sama na watan Agusta, yashi ya taru a gefen titi. Tayoyin dama suna kan yashi, na hagu suna kan kwalta, Keke ya tsaya kwatsam zai ɗauki fasinja, ka taka birki da ƙarfi. Tayar hagu ta kama, ta dama ta sulɓe. Motar da ba a taɓa ba za ta yi ƙoƙarin miƙewa. Mai sifesa kuwa sitiyarin ne zai fizge zuwa hagu, cikin layin da masu gudu ke tahowa. Haka in tayar gaba ta faɗa rami, bugun da zai iso hannunka ya ƙaru. Haka in ta fashe a hanyar Abuja: jan da za ta yi ya fi ƙarfi, a daidai lokacin da kake buƙatar sitiyari ya yi maka biyayya. Muguntar abin ita ce a kan titi mai santsi, da rana tsaka, ba birki ba rami, motar lafiya lau take, har ta fi daɗin kallo. Halinta na gaskiya sai a daƙiƙar da ba a son sa yake fitowa. Wanda kuma ya sa a baya kaɗai, ko a gaba kaɗai, ya sauya yadda gaba da baya ke raba aiki a kwana ba tare da ya san ta wane gefe ya sauya ba.

Sai boris. Ɗauki bokitin ruwa ka riƙe shi a jikin cinyarka, sannan ka miƙa hannu ka riƙe shi nesa da jiki. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka ta san an yi canji. Haka boris ɗin taya yake. An ƙera shi ne nauyin mota ya sauka kusan a kansa; an tura taya waje, nauyin ya koma yana banƙarar sa. Zai fara gurnani kafin lokacinsa, boljoyin da tayarod da bushin su ma su bi sahu. Mu da muke ƙasar da kowa ya taɓa ganin Honda EOD ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashinta saboda an bar boljoyin ya cinye ko an sa jabu, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan ƙara wa wannan gaɓa wahala ba. Tayar da ta leƙo kuma, in mota ta ɗauki mutum biyar ta hau kan tudun rage gudu, leɓen bodi take samu, shi kuwa yana yankar gefenta a hankali, wurin da ya fi ko'ina rauni a jikin taya, wurin da ba a yi masa faci.

Da a ce mai motar kaɗai abin zai samu, da sai a yi masa nasiha a bar shi da zaɓinsa. Amma tayar da ta fita ba ta san mai ita ba. Wili da tayar Camry sun kai kilo 20, na Hilux sun doshi 30. Abin da ke tafiya a gudun kilomita 60 a awa, ƙarfin bugunsa daidai yake da a sako shi daga tsayin mita 14, kamar saman bene mai hawa huɗu. A gudun 100, daga mita 39. Motar tana da birki, ko da ƙafa uku za ta ja ƙasa ta tsaya. Tayar ba ta da shi. Tana wuce motar, ta daki dakalin gefen titi ta tashi sama daidai gilashin mai tahowa, ko daidai ƙirjin mai tafiya a ƙasa. Yanzu a tuna wace unguwa ce Unguwar Sarki. Masallacin Sultan Bello yana nan tun 1962, kuma duk ranar Juma'a sahu har kan titi yake fitowa. Da azumi, tun zamanin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, jama'ar tafsiri ke cika wurin, tsofaffi da yara da masu talla. Ga 'yan makaranta da safe, ga masu jiran mota a bakin hanya. Tun da aka soma sabunta titunan birnin a 2019, aka kuma buɗe sabuwar gadar Kawo a Janairun 2022, hanya ta yi kyau, ƙafar samari ta ƙara nauyi a kan totur, alhali dokar hanya 50 ta yanke wa ƙaramar mota a cikin gari. Ranar ɗaurin aure kuwa, in abokan ango suka fara juyi da motoci ana ihu, babu abin da ke gwada ƙusar taya kamar wannan murɗa ta gefe, kuma babu lokacin da mutane ke matsowa kusa da mota kamarsa.

Ko tayar ba ta fita ba, leƙowarta kaɗai masifa ce. Bodi ne ke kare taya daga taɓa abin da ke gefe. In ta wuce shi, a cunkoso ita ke fara samun ƙafar mai babur, kuma in taya mai juyawa ta haɗu da wata mai juyawa, hawa kanta take yi ta ɗaga motar. Tsakuwa da taɓon da ya kamata su tsaya a cikin madigadi kuma sai fuskar na baya.

Na san amsar da ke bakin wasu: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma ba wanda ya isa ya ja da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, har da azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Wannan fa kuskure ne tsantsa. Ina ga wanda ya biya kuɗi aka rage masa tiredin noti, aka gaya masa, ya ce a bar shi motar ta fi kyau haka? Wannan tambaya ce ta malamai, kuma ina so a yi musu ita a zauren tafsiri.

Masu kare sifesa suna son kafa hujja da Turai, su ce ai can ma ana sawa, Porsche ma tana sayar da tata. Tana sayarwa, ga motar da ta auna, tare da dogayen ƙusoshin da ta ƙera domin ita. A Jamus, ƙasar da aka haifi Marsandin da ake yi wa wannan ado, sifesa sai da takardar amincewa da ta ambaci irin motar, sau da yawa kuma sai masu binciken mota irin su TÜV sun gani sun sa hannu. In faɗin ya ƙaru fiye da kashi 2 cikin ɗari a ƙaramar mota, sai an kawo shaidar cewa ƙafafun motar za su jure. Kashi biyun nan a Camry bai wuce milimita 15 ko 16 kowane gefe ba, ƙasa da abin da samarinmu ke farawa da shi. A Ostireliya ƙa'idar gyaran motoci ta hana ta a kan titi, sai wadda kamfanin motar ya sa da kansa. Ƙasashe ne masu lafiyayyun hanyoyi, masu sufana mai awo a kowane gareji. Mu da ramukanmu da lodinmu da zafinmu muka ɗauko adon muka bar sharuɗɗan a can.

Alhaji, motar nan da ka saya wa yaro ya riƙa zuwa makaranta, fita ka dube ta yau. Tsaya a gabanta ka kalli gefe: in taya ta wuce bodi, tambaye shi me aka sa. Leƙa ta tsakanin ƙafafun wili, in ka ga wani faifai tsakanin wili da faifan birki, ita ce. Hajiya, ke ma da kike ba direba ko ƙane mota ya kai gyara, ki tambaya me aka canza. Mai sayen mota ta hannu, kada ka biya sai an cire taya aƙalla ɗaya gaba ɗaya baya a gabanka, ka ga ko an datse ƙusoshi. Wanda ya riga ya sa, in ya ji karkarwa a sitiyari, ko gurnani mai ƙaruwa da gudu, ko ƙwas-ƙwas in yana tafiya a hankali, ko ya ga baƙin gari yana fitowa daga ramin noti, ya tsaya a inda yake. Kada ya ce bari in lallaɓa in kai gida.

Kanikawa, ku ne ƙofa. A bayan kowane wili akwai lamba da aka buga bayan haruffan ET, ita ke faɗin yadda zai zauna a kan hob. In ta yi nesa da ta wilin asali, ko ramuka ba su dace ba, ko ramin tsakiya bai yi ba, wilin ba na motar ba ne, magana ta ƙare. "Oga, ba zai yi ba" jumla ce da ke kore kwastoma ɗaya yau ta kawo goma gobe. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA su sa wannan a bakin taronsu, su kuma matsa kowane gareji ya mallaki sufana mai awo, ko da ta haɗin gwiwa ce. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, waɗanda tun 1988 suke kan hanya kuma suka koya wa direbobi karanta shekarar taya, da 'yan KASTLEA, wannan ba ya buƙatar na'ura: taya ta wuce bodi ko ba ta wuce ba, daga nesa ake gani. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta dubi abin da ke shigowa a kwali ba suna ba lamba.

Cirewar ma da ƙa'idarta. Duk ƙusar da aka datse, ko aka taɓa hawa da fayif, ko ta yi aiki da rabin tiredi, a fitar da ita a sa sabuwa, da notin da ya dace da mazaunin wilin, domin na Toyota mai washa daban yake da na Honda mai zagayayyen gindi. A ɗaga motar a girgiza tayar sama da ƙasa, hagu da dama, a ji ko boris ko boljoyin sun yi wasa. A kankare tsatsa da datti daga fuskar hob, a ɗaure notuna ana tsallake ɗaya, da awo, a yi alaimin, a dawo bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake gwadawa. Sifesar da aka cire kuma kada a sa ta a waya a nemi mai saye. A kai wa masu narka alminiyam su auna a kilo.